Gyaran robar cikin mota

A Yamai, motocin haya da yawa tsofaffi ne. Wasu sun yi shekaru suna aiki a Turai kafin jirgin ruwa ya sauke su a Kwatano, aka biyo da su ta Gaya. Injinsu yana da ƙarko. Amma ku leƙa ciki ku gani: murfin ƙofa ya tsage, mariƙin ƙofa ya karye, allon gaban direba ya dare. Duk waɗannan da roba aka yi su.

Mene ne yake lalata roba? Rana ce. A watan Afrilu da na Mayu, zafin Yamai yakan wuce digiri 40 a inuwa. Cikin motar da aka rufe aka bari a rana ya fi haka nesa. Hasken rana yana cin roba a hankali, har ta bushe ta yi gautsi. Kun san bokitin da ya shekara a tsakar gida, yadda yake fashewa da an ɗaga shi? To, haka nan ne.

Wannan ba ƙaramar damuwa ba ce ga direban taksi. Bakin roba mai kaifi yana yaga zanen fasinja. In mariƙi ya karye, mutum ba ya iya buɗe ƙofa daga ciki, ko da haɗari ya auku. Sabon kaya kuwa yana da wuyar samu, don an daɗe da daina ƙera irin motar. In ya nemo tsoho wurin masu kayan gwanjo, sau da yawa shi ma rana ta riga ta ci shi. Sai gyara.

Gwanin gyara ba ya gaggawar ɗauko gam. Yakan kwance robar a hankali, ya wanke ta da ruwa da sabulu, ta bushe, sannan ya juya bayanta. Me yake nema? Haruffa. Masu ƙera mota sukan buga sunan robar a baya: wata PP, wata ABS. Ido ba ya rarrabe su, amma halinsu ba ɗaya ba ne. ABS tana karɓar gam, tana riƙewa. PP kuwa santsi gare ta, gam ba ya kama ta. Ka liƙa yau, jibi ta ɓalle, kuɗi sun tafi a banza. Ita sai da wuta, domin tana narkewa wajen digiri 160.

Sai mai gyara ya haɗa bakin tsagar daidai. Ya ɗauki ƙarfe mai zafi, irin wanda masu gyaran rediyo suke narka dalma da shi. Ta baya yake aiki, don kada tabo ya fito a fuska. Ya yanko ƴar ragar waya irin ta taga, ya ɗora kan tsagar, ya danna ta da ƙarfen har ta nutse cikin roba. Ragar ita ce ƙashin gyaran. Sannan ya narka wani guntun roba ya rufe ta. Guntun nan dole ya zama irin robar da ake gyarawa. In an sa ABS a kan PP, ba za su haɗu ba. Da ta huce, sai ya goge wurin da takarda mai kaushi, ya mayar da ita mazauninta.

Hayaƙin roba yana cutar da ƙirji. Shi ya sa ake wannan aiki a fili, inda iska take kaɗawa. Yara ba sa taɓa ƙarfen nan sai gaban babba.

Tambayoyi

1. Me ya sa robar mota take saurin fashewa a Yamai?
2. Don me mai gyara yake duba bayan roba kafin ya fara aiki?
3. Mene ne amfanin ragar waya?

Aiki

Ku duba gindin bokiti, da kofi, da kujerar roba a gidajenku. Ku rubuta haruffan da kuka gani, ku kawo wa malam gobe.