DARASIN WANNAN WATA: YADDA MATAN BANGALADASH SUKA SAMI HUTUN HAIHUWA

Bangaladash ƙasa ce a nahiyar Asiya, maƙwabciyar Indiya. Ta sami 'yancin kanta a 1971. Yawancin mutanenta Musulmi ne, kuma da yawansu manoman shinkafa ne.

A 1975, yawancin matan ƙasar suna haihuwar 'ya'ya shida ko fiye. Ana yaye wannan, wani na ciki. Wata ma tana goyo ciki zai shiga, abin da Hausawa ke kira kwanika. Uwa ta rame, nono ya yi ƙaranci, yaro ya yi ta ciwo. Iyaye kuma suna tsoron mutuwar yara, shi ya sa suke son haihuwa da yawa.

Aikin Matlab

A 1977 aka fara wani aiki a ƙauyukan gundumar Matlab. An lura cewa mace mai kulle ba ta iya zuwa asibiti mai nisa. Sai aka zaɓi matan aure 'yan ƙauyen waɗanda suka iya karatu da rubutu, aka horar da su. Duk mako biyu suna shiga gida gida. Suna bayyana wa mata hanyoyin ba da tazarar haihuwa, kamar ƙwaya da allura, mace ta zaɓi wadda ta dace da ita. Daga baya aka haɗa da allurar rigakafin yara da ruwan gishiri da sukari na maganin gudawa. Da iyaye suka ga 'ya'yansu suna rayuwa, sai hankalinsu ya kwanta.

Ilimi da sana'a

A 1994 gwamnati ta fara ba 'yan matan karkara tallafin kuɗi don su yi sakandare. Sharaɗin shi ne yarinya ta riƙa zuwa makaranta, kuma kada a yi mata aure sai ta gama ko ta kai shekara 18. Bankin Grameen, wanda Muhammad Yunus ya kafa a 1983, ya riƙa ba mata ƙaramin rance ba tare da jingina ba. Wata ta sayi saniya, wata ta kiwata kaji. Macen da ke kawo abin cefane, ana jin shawararta a gida.

Abin da aka samu

A 1975, mata 8 cikin 100 ne ke ba da tazara. A 2022 sun kai 64 cikin 100, kuma yawancin mata suna haihuwar biyu ko uku. Farkon shekarun 1990, yara 133 cikin 1,000 ke mutuwa kafin su cika shekara biyar. A 2022 sun ragu zuwa 31. Amma da sauran aiki, domin a 2019 kusan rabin 'yan matan ƙasar an aurar da su kafin shekara 18.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mace ta huta aƙalla shekara biyu bayan haihuwa kafin wani ciki. Wannan ya yi daidai da al'adar shayarwa ta shekara biyu. Miji da mata su yi shawara tare, sannan su tuntuɓi ma'aikaciyar lafiya.

Tambayoyi

1. Mene ne kwanika?
2. Me ya sa aka zaɓi matan ƙauyen don shiga gidaje?
3. Shekara nawa ya kamata uwa ta huta?