Azolla a Tsakar Gida: Shawarwari Bakwai Ga Masu Kiwon Kaji da Kifi a Gummi

Duk mai kiwon kaji a Gummi, Anka ko Bukkuyum ya san kuɗin dusa da masara ne ke cinye riba. Akwai wata 'yar tsiro da ke yawo a kan ruwa, ana kiranta azolla, wadda manoman shinkafa a Sin da Biyetnam suka daɗe suna renonta a gonakinsu. Ba kainuwa ba ce, ganyenta ƙanana ne kamar ƙwayar gero. Ba ta fure, ba ta 'ya'ya. A cikin ganyenta akwai wasu ƙwayoyin halitta da ke zuƙo sinadarin naitirojin daga iska, shi ya sa take ƙara wa dabba jiki, take kuma zama taki. Ga yadda za ku rene ta.

1. Zaɓi wuri mai tudu. Wanda ya ga ambaliyar da ta auka wa Gummi a daminar 2024 ba ya buƙatar a tuna masa. Ku haƙa rami mai tsawon mita 2, faɗin mita 1, zurfin taƙi ɗaya, ku shimfiɗa tamfal ko leda mai kauri, ku danne bakinta da tubali.

2. Haɗa ƙasa da taki. Ku tankaɗe ƙasar fadama kwano biyar ko shida a kan ledar, ku dama kashin shanu wanda ya kwana biyu ku zuba, ku ƙara ɗan takin supa cikin tafin hannu. Ruwan ya tsaya kamar santimita 10. Ruwan rijiya ko na gulbi ya fi; wanda aka yi wanki da shi kuwa yana kashe ta.

3. Iri daga ɗanyen tsiro ya fi sauri. Azolla na hayayyafa ta hanya biyu. Tana fitar da 'yan ƙunsoshi a ƙarƙashin ganye masu ɗauke da ƙurar iri, waɗanda ke nutsewa cikin laka su tsiro daga baya, amma wannan hanya tana da jinkiri. Hanya mai sauƙi ita ce rabewa: reshe ya karye, kowane guntu ya zama sabon tsiro. Ku samo rabin kilo daga wani mai renonta ku watsa. In yanayi ya yi daidai, takan ninka kanta cikin mako guda, ta rufe ramin cikin mako biyu.

4. Inuwa ita ce ranta a bazara. Daga Maris zuwa Mayu zafin ƙasarmu kan wuce digiri 40, ita kuwa ba ta jure abin da ya haura 35. Ku yi mata rumfar zana mai barin haske kaɗan. In ta fara yin ja, rana ce ta yi yawa ko taki ya ƙare.

5. Ɗiba da rariya, ku bar saura. Kullum ku kwashi kaɗan, ku wanke har warin kashin shanu ya fita, sannan ku cakuɗa da dusa. A fara da kaɗan har kaji, agwagi ko tarwaɗa su saba. Ƙari ce kan abinci, ba madadinsa ba.

6. Sabunta ruwa. Duk kwana goma ku rage kashi ɗaya cikin uku ku cika da sabo. In kun canja lakar ramin, ku kai tsohuwar gonar shinkafa ko lambu.

7. Ajiye iri, ku kiyaye gulbi. Ku ware kaɗan a baho a inuwar ɗaki, don in na ramin ya mutu ba sai kun je roƙo ba. Kada ku zubar da ita a Gulbin Zamfara ko tafkin gari, domin in ta rufe ruwa masunta ne za su sha wahala.