Tsohuwar A-Kori-Kura: Abin Da Mai Ita Zai Iya Yi Mata A Gida

'Yan'uwana manoma, ga kaka ta matso. Gero ya fid da kai, gyaɗa ta kusa isa cira, nan da 'yan makonni kowa zai shiga neman abin da zai kwashe masa amfanin gona zuwa gida ko kasuwa. Saboda haka a wannan mako zan jingine maganar taki da iri, mu yi magana a kan a-kori-kura, musamman tsohuwa, irin wadda ta kwana biyu tana bauta wa mai ita.

Da yawa daga cikin motocin nan Peugeot ne, watau Fijo, 404 ko 504, waɗansu kuwa Toyota Hilux ne ko Datsun. Tun 1975 aka fara harhaɗa Fijo a Kaduna, shi ya sa da wuya ka shiga garin da babu bakaniken da ya san cikinta. Tsohuwar mota tana da wani alheri guda da sabuwa ba ta da shi: ba kwamfuta a cikinta, in ka ɗaga bonet kusan kome yana a fili, mutum mai hankali da sifana biyar ko shida zai iya yi mata rabin abin da take bukata a ƙofar gidansa. Ga shi kuwa tun da aka janye tallafin fetur a watan Mayu na 2023, kowace lita da mota ta sha a banza daga cikin ribar buhunka ta fita.

Bari in fara da kuskuren kaina, don kada wani ya maimaita shi. Shekarar da na fara aikin malamin gona, an aike ni da buhunan irin masara zuwa wani ƙauye ana gab da shuka. Muna tsakiyar hanya sai na ji wani abu ya yi tas a gaba, jan wuta ya kama a gaban sitiyari. Na ce a raina saura mil huɗu kawai, bari mu ƙarasa. Ashe fambel ne ya tsinke. Fambel kuwa shi ke juya famfon da ke zagaya da ruwa cikin inji. Ba mu yi mil biyu ba tururi ya turnuƙe mu, gaskit ya ƙone. Motar ta yi kwana tara a gareji, irin ya isa bayan mutane sun gaji da jira sun shuka nasu na gida. Abin da ya jawo wannan duka ɗan robar da da na duba da safe da na ga ya tsattsage.

To, dubawar safe ita ce tushe. Kafin a ta da inji, mota tana tsaye a wuri mai daidai, a zaro sandar awon baƙin mai, a goge ta da tsumma, a mayar, a sāke zarowa. Mai ya kasance tsakanin zane biyun nan. Kada a wuce na sama, gama mai da ya yi yawa yakan yi kumfa ya ɓalle ta roba. A dubi launinsa kuma. Baƙi ba laifi ba ne ga tsohon inji. Amma in ka ga ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya shiga cikinsa ke nan, kada ka tuƙa motar ko zuwa bakin kasuwa, a kira bakanike. Sa'an nan a duba ruwan lagireto. Sa'an nan a danna fambel da babban yatsa a tsakiyarsa: ya kamata ya lotsa kamar santimita ɗaya ko ɗaya da rabi. In ya yi sako-sako batir ba zai yi caji ba, inji kuma ya yi zafi. In an ɗaure shi tamau zai cinye boris na famfon ruwa. A ajiye sabo guda a bayan kujera kullum. Daga nan a durƙusa a dubi ƙasa inda mota ta kwana, a ga abin da ya ɗiga.

Maganar ruwa tana bukatar a ɗan tsaya a kanta. Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa yana da gishiri-gishiri. Duk wanda ya leƙa cikin tsohuwar butar shayi ya ga farin abin da ke manne a gindinta. Haka yake taruwa cikin 'yan ƙananan bututun lagireto har ya toshe su. Ruwan sama da aka tara a mazubi mai tsabta ya fi, in kuma da hali a haɗa shi da maganin lagireto da ake sayarwa, domin yana hana tsatsa. Da kaka kuwa ƙaiƙayi da ciyawa sukan liƙe a fuskar lagireto, a riƙa wanke su da ruwa daga ciki zuwa waje. In mota ta yi zafi a hanya, a tsaya, a kashe, a jira. Kada a buɗe murfin yana zafi, na san yaron mota da ya rasa fatar hannunsa ta haka. Kada kuma a kwarara ruwan sanyi cikin inji mai zafi. Kan injin Fijo na alminiyam ne, yakan karkace ko ya tsage, kuɗin gyaransa kuwa ya fi kuɗin awa ɗaya da za ka zauna a gindin bishiya.

Akwai wata al'ada ta waɗansu makanikai, da mota ta fara zafi sai su cire ɗan ƙarfen nan da ke tsare ruwa har inji ya ɗumama, su ce wai na ƙasar sanyi ne. Ni dai ban yarda da wannan ba. In mota tana zafi, a nemi dalilin, lagireto ne ya toshe, ko famfo ya mutu, ko murfi ba ya riƙe iska. Injin da ba ya ɗumama da wuri, musamman da sanyin hunturu, ya fi shan mai, ya fi saurin cinyewa.

Yanzu sai babban abokin gābar mota a ƙasarmu, watau ƙura. Kafin inji ya ƙone lita ɗaya ta fetur sai ya shaƙi iska wajen lita 9,000. Ku auna wannan da hanyar burji cikin watan Janairu. Abin da ke tsakanin ƙurar nan da cikin inji shi ne matacin iska kaɗai. In ƙura ta wuce shi ta haɗu da mai, sai ta zama kamar dutsen wāshi tana cin ringi da fistin a hankali, har mota ta fara shuɗin hayaƙi. Matacin iri biyu ne. Akwai mai kwanon mai a ƙasa: shi a zubar da tsohon man, a kankare laka, a wanke ragar da kananzir, a bari ta tsane, a zuba sabon baƙin mai daidai zane. Akwai na takarda: shi ba a wanke shi, sai a bubbuga a hankali, a hura daga ciki. A ɗaga shi ga rana, in haske ba ya ratsawa ko an ga huda, a sāke sabo. Da hunturu a duba kowane mako. Wanda ya cire matacin ya jefar don wai mota ta ƙara ƙarfi, ya fara tara kuɗin sauke inji.

Juyen baƙin mai ba ya bukatar gareji. A ɗumama inji kaɗan, a kashe, a kwance notin ƙasa mai ya zuba cikin kwano, a canja matacin mai, a shafa ɗan mai a robarsa, a ɗaure da hannu kawai. Tsofaffin injunan nan suna son mai mai kauri, irin wanda aka rubuta 20W-50 a galan ɗinsa. A hanyar kwalta ana iya kai kilomita 5,000, amma motar ƙauye kada ta wuce 3,000. Na sani agogon yawancin motocin nan ya mutu tuntuni. To, a ƙidaya da wata: mai aiki kullum a juye mata duk wata uku, lalle kuma kafin kaka da bayan hunturu. A nan akawuna sun fi mu, domin sun saba da rubutu. A sami ɗan littafi a ajiye cikin mota, a riƙa rubuta ranar da aka yi kome. Tsohon man kuwa kada a zubar kusa da rijiya ko cikin gona. Kada kuma a shafa wa shanu don kaska ko gyambo kamar yadda waɗansu ke yi, guba ne. In ana so a more shi, a shafa wa bakin garma bayan damina don tsatsa.

Fulogi shi ne mai ba da labarin cikin inji. A kwance su ɗaya bayan ɗaya, inji yana sanyi, don kada wayoyi su rikice. Wanda bakinsa ya yi ruwan ƙasa ko ruwan toka, lafiya lau. Baƙi mai busasshen kunkunniya yana nuna fetur ya yi yawa, sau da yawa matacin iska ne ya toshe. Baƙi mai jiƙe da mai, ringi ne ko bawul suka gaji. Fari fat kuwa, inji yana zafi fiye da kima. Tazarar bakin fulogi a irin injunan nan wajen milimita 0.6 zuwa 0.7 ce, ta kwantak kuwa wajen 0.4. Ana sayar da 'yan ƙarafan awon nan da araha, sun fi kintace da ido. In ka saya wa mota fetur a jarka a bakin hanya, a tace shi da ƙyalle mai tsabta kafin a zuba, gama ruwa da yashi su ne ke toshe kafireta. Kada a zuƙi fetur da baki.

Batir ba shi da wuya. In mai murfi ne, ruwa ya rufe farantan ciki, abin ƙarawa kuwa tataccen ruwan batir ne, ba asid ba. Farin garin da ke taruwa a kawunansa a wanke shi da ruwan ɗumi da 'yar kanwa, amma kada ruwan kanwar ya shiga ciki, sa'an nan a shafa giris. Wajen cirewa a fara da wayar da ke haɗe da jikin mota, wajen mayarwa ita ce ta ƙarshe. Ban da taba ko ashana a kusa.

Ga wani abu da ya shafe mu manoma musamman. Takin zamani yana cin ƙarfe. Buhun yuriya ɗaya ya fashe a bayan mota, raɓa ta sauka a kai, cikin 'yan watanni sai ka ga ƙasan bodi ya yi rami. Haka kashin shanu da fitsarin awaki da ruwan tumatir. Duk ranar da aka yi irin wannan dako a share, a wanke da ruwa, a tabbata 'yan ramukan da ruwa ke fita ba su toshe ba. Bayan damina a wanke lakar da ta manne a ƙarƙashi, a sa giris a duk inda ke da kan giris.

Sai lodi. An ƙera yawancin motocin nan don su ɗauki kamar tan ɗaya, watau buhu goma na masara mai kilo 100. Amma je ka hanyar Dawanau ranar da hatsi ke shigowa, ka ga mota da buhu ashirin, da mutum shida a bisa, gindinta yana shārar ƙasa. Na san hujjar, mai ya yi tsada, sawu ɗaya ya fi biyu. Sai dai a sa kuɗin sifirin da taya cikin lissafin, a kuma tuna birkin da aka yi don tan ɗaya ba zai tsai da biyu a gangara ba. Mai kwandunan tumatir da sifirin ya karye masa a hanyar Kwanar Gafan da tsakar rana ya san abin da nake nufi.

Iskar taya a auna ta da safe tayar tana sanyi, da ma'auni, ba da bugun ƙafa ba. Masu sayen tayar gwanjo su nemi lambobi huɗu da ke gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2318, an yi ta a mako na 23 na 2018. Tsohuwar taya ko da zanenta da saura, robarta ta bushe, zafin kwalta na bazara yakan fasa ta. In taya tana cinyewa ta gefe ɗaya, a kai a daidaita ƙafa.

Birki kuwa, abin da za ka yi a gida shi ne dubawa. Ka taka ka riƙe. In ƙafarka tana nutsewa a hankali, ko man birki yana raguwa, ko ka ga jiƙa a bayan taya, motar ba ta fita. Ba abin da ake zuba wa wurin sai man birki. Baƙin mai yana kumbura robobin ciki, ruwan sabulun da waɗansu direbobi ke zubawa kuwa yana tafasa da zarar birki ya yi zafi, a nan ne ƙafa ke tafiya har ƙasa. In an ratsa rafi da damina, a yi tafiya a hankali ana ɗan taka birki har ya bushe. Gyaran birkin kansa, da sitiyari, da giya, da buɗe inji, a bar wa bakanike, amma ka tsaya a kansa, ka kuma karɓi tsohon kayan da ya ce ya canja.

In za a shiga ƙarƙashin mota, jak kaɗai bai isa ba. A sa giya, a ja birkin hannu, a tokare tayoyi da duwatsu, a tallafe ta da gungumen icce mai ƙarfi. Ban da bulon siminti, yakan ruguje ba gargaɗi. Kada kuma a bar inji yana aiki cikin zaure ko shago a rufe, hayaƙinsa yana kisa tun mutum bai farga ba.

Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu koma gona, mu yi magana a kan cirar gyaɗa da yadda ake shanya ta don kada ta yi fumfuna.