Ko Sanyi Zai Sa a Rufe Makaranta?

Tambaya: A Mando nake, yarana ƙanana ne. Yaya zan gane ranar da sanyi zai sa a rufe makaranta?

Amsa: Hajiya, kada ki zauna jiran rufewa. Sanyin Disamba da Janairu na asuba ne, hantsi na ɗagawa yake sakin jiki, shi ya sa da wuya a rufe makaranta a Kaduna dominsa. Za ki ce ai hazo kan hana jirgi sauka. Haka ne, amma matuƙi nesa yake buƙatar hangowa, ɗalibi kuwa allo ne a gabansa. Ƙurar ce abin tsoro. Ki riƙa bibiyar hasashen yanayi na hukumar NiMet tun da dare. In an ce hazo zai yi kauri, ki tanadi rigar sanyi, man kaɗe da takunkumi. Mai asma ki bar shi gida, ki sanar da malaminsa. Zancen rufewa kuma, sai kin ji daga bakin hedimasta.