Darasi na 7: Rufin Kwano da Farantin Sola a Kan Tsohon Soro

Magina na gargajiya sukan rufe soro da azarar giginya, domin gara ba ta cika cin ta ba. A kanta ake shimfiɗa asabari, a zuba ƙasa, sannan a shafe da laso ko makuba. Rufin yana buƙatar yaɓe kafin kowace damina, shi ya sa magidanta da dama a Sakkwato suka koma ga kwano, wasu har da farantan sola.

Kowane faranti yakan kai kimanin kilo 20, amma hujin ƙusa ya fi nauyin haɗari. Da zarar ruwa ya ratsa ƙasar rufin, azara za ta ruɓe a ɓoye, wata rana soron ya rufta. Ya fi dacewa a kafa wa farantan ƙarafansu daban, suna fuskantar kudu. Kwano kuwa a bisa soron ya kamata a ɗora shi, kada a rushe, don ɗakin kwano zalla ba ya zaunuwa a watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40. An yi makamanciyar wannan dabara a Zariya a shekarun 1970, inda aka lulluɓe masallacin Juma'a na Babban Gwani Muhammadu Durugu da sabon gini.

Sai dai wurin ɗora kwano akan sare zanko, a cire indararo, har ɗalibi ya tashi bai san ma'anarsu ba.

Jinga: Ziyarci wani tsohon magini, ka tattaro kalmomi 10 da suka danganci rufin soro tare da ma'anoninsu.