Darasi: Ciwon Waswasi da Maganinsa

Karatu: 1 Bitrus 5:6-11

A ƙauyukan Minjibir, kamar ko'ina, a kan sami manomin da ya kan tashi sau goma da dare ya duba ko ya ɗaure awakinsa. A kan sami mace mai wanke hannu har fata ta tsage. Wani kuwa tunanin saɓo ya kan faɗo masa, ya yi ta maimaita addu'a ba hutawa. Wannan ciwo ne, ciwon waswasi. Kada mu ce aljanu ne ko ƙarancin bangaskiya.

Ga yadda ya ke aiki. Tsoro ya zo, mutum ya je ya duba, ya sami sauƙi kaɗan. Sauƙin nan shi ne takin ciwon.

A 1966, a birnin Landan, wani masanin halin ɗan Adam, Victor Meyer, ya nuna hanyar magani. Mai ciwo ya fuskanci abin tsoronsa sannu sannu, sa'an nan ya hana kansa aikin da ya saba. Ya ɗaure awaki sau ɗaya, ya kwanta. Tsoron ya kan hau, amma in aka daure, ya kan sauka da kansa. Yau da gobe ƙarfinsa ya kan ragu.

Menene aikinmu? Kada mu tsauta masa. Kada kuma mu yi ta amsa masa, "I, ka ɗaure," gama ƙarin taki ke nan. Mu yi addu'a tare da shi, mu raka shi wurin likitocin ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano ko asibitin Dawanau. Luka mai Bishara ma likita ne.