Tufar Shiga Ruwa a Hunturu: Wacce Ta Dace da Masu Aikin Gulbi?

Daga tsakiyar watan Disamba zuwa farkon Fabrairu, lokacin da hunturu ya kankama, mu ma'aikatan lafiya na yankin Jega, Aliero da Maiyama mun saba da wani irin majinyaci da ba a cika kiran ciwonsa da sunansa ba. Wani masunci ne da ya kwana yana jan taru, wani mai haƙar yashi ne a Gulbin Zamfara, wani kuma yaro ne da ya yi sammakon ban ruwan albasa a gonakin Sabiyal. Za a kawo shi yana kakkarwa, yatsu sun ƙage, magana tana sarƙewa, dangi suna cewa zazzaɓin cizon sauro ne, wasu su ce iskar ruwa ce ta shafe shi. Idan aka sa masa ma'aunin zafi kuwa, ƙasa yake nunawa, ba sama ba. Jikinsa ne ya zubar da ɗuminsa fiye da yadda zai iya mayarwa. Abin da nake so in kafa hujja a kai shi ne, galibin wannan wahala daga tufa take tasowa, kuma ya kamata mutum ya zaɓi tufarsa gwargwadon yadda aikinsa ke haɗa shi da ruwa. Ɗarin da yake ji yana tsaye a gaɓa ba shi ne ma'auni ba.

Zafin jikin ɗan Adam yana zama ne a wajen digiri 37 a ma'aunin Salshiyas, kuma da zarar ya sauka ƙasa da 35 an shiga haɗari. Ruwa yana jan ɗumi daga fata sau kusan 25 fiye da iska mai sanyi iri ɗaya, don haka ba sai ruwa ya yi ƙanƙara kafin ya yi illa ba. Ruwan da yake digiri 20 ko 22, wanda in ka tsoma hannu za ka ce ba laifi, ya isa ya galabaitar da ƙato idan ya yi sa'o'i a cikinsa. Amma abin da ya fi cutar da mutanenmu yana faruwa ne bayan fitowa. Iskar hunturu busasshiya ce, kuma busasshiyar iska tana tsotse ruwa daga jiƙaƙƙiyar tufa da sauri, tana tafiya da ɗumin jiki tare da shi. Haka randa take sanyaya ruwa: tana tsattsafowa, iska tana busar da bayanta, cikinta yana ƙara sanyi. Mutumin da ya fito daga gulbi da asuba, sanye da jiƙaƙƙiyar rigar auduga, ya zauna a kwale-kwale mai inji yana keta iska, aikin randa jikinsa yake yi. Ƙara masa riguna uku na auduga a sama bai ƙara masa komai ba sai nauyi da ruwan da zai daɗe bai bushe ba.

A ƙasashen sanyi irin su Ingila, Jamus da arewacin Amurka, masu wasan hawa allo mai filafilai a kan teku da masu nutso sun daɗe suna muhawara a kan riguna iri biyu, kuma muhawarar tasu tana da amfani gare mu. Ta farko riga ce ta roba mai soso da ake kira niyofirin. Kamfanin DuPont ne ya ƙirƙiro robar a 1930, sannan a wajen 1952 wani masanin kimiyya na Jami'ar Kalifoniya, Hugh Bradner, ya fito da dabarar yin rigar nutso da ita. Wannan riga ba ta hana jiƙewa. Ruwa kaɗan yana shiga tsakaninta da fata, jiki ya ɗumama shi, su kuma ƙananan kumfar iskar da ke cikin robar su tare ɗumin kada ya fice. Kaurinta yana kamawa daga milimita 2 zuwa 7. Ta biyu riga ce da ba ta barin ruwa ya shiga ko kaɗan: tana da roba mai matse wuya da wuyan hannu, da zif na musamman, kuma ita kanta ba ta ɗumama mutum, tufafin da ya sa a ƙarƙashinta ne ke yin wannan aiki. An yi ta ne domin ruwan da ya sauka wajen digiri 10 ko ƙasa da haka.

Hukuncina a nan ba shi da wuya. Rigar da ba ta barin ruwa ya shiga ba tamu ba ce. Gulabenmu ba sa kai wa sanyin da aka yi ta dominsa, kuma wanda ya sa ta da asuba a Jega zai jiƙe sharkaf da gumi kafin hantsi ya dubi ludayi. Tana da tsada ƙwarai, zif ɗinta da robar wuyanta suna son kulawar da ƙura da zafin bazara ba za su bari ba. Mafi muni, amincinta ya dogara ne ga rashin huda. Aikin su kuwa aiki ne na ƙugiya, da ƙayar kurungu, da kututturan da ke kwance a ƙarƙashin ruwa. Idan ta yage, ruwa ya cika ta, ɗumin ya tafi gaba ɗaya, kuma hawa cikin jirgi da riga cike da ruwa ya zama jan aiki. Ita ta niyofirin ko ta huje tana ci gaba da amfani, kuma ana iya liƙe ta da gam.

Saboda haka, wanda aikinsa shi ne shiga ruwa har ƙirji ko nutsewa gaba ɗaya, wato mai nutso ya kwance taru, mai ɗebo yashi daga ƙasan gulbi, mai su da gora da koma, rigar niyofirin marar kauri, milimita 2 ko 3, ita ce daidai da shi. Ko gajeriya ce mai tsayawa a gwiwa da damtse ta wadatar, domin ƙirji da ciki da baya su ne abin tsarewa. Sharaɗinta ɗaya ne, kuma a nan masu saye suke yin kuskure: dole ta kama jiki. Mu mutane ne masu son tufa ta yi walawa, to amma rigar niyofirin da ta yi yawa ba ta da amfani, domin ruwa mai sanyi zai riƙa shiga ta wuya yana fita ta ƙafa, yana wanke ɗumin da jiki ya tara. A gwada ta kafin a biya. Idan akwai aljihun iska a hammata ko a gadon baya, ta yi girma. Idan kuma numfashi yana wuya, ta yi kaɗan. Wanda yake jin kunyar yadda take fitar da surar jiki, kuma kunyar tana kan hanya, sai ya ɗora gajeren wando da rigar ƙwallo a sama, ba za su rage mata komai ba. Rauninta shi ne iska, don haka da an fito a ɗora rigar leda mai tare iska, ko a tuɓe ta a sa busassun kaya.

Wanda kuma aikinsa a saman ruwa yake, kamar matuƙin jirgi, mai fito, ko masuncin da ke jefa birgi daga cikin kwale-kwale, buƙatarsa daban ce. Shi dabarar riga ta biyu ce za ta yi masa aiki, ba tare da ya sayi rigar ba: a ciki tufa mai saurin bushewa irin rigar ƙwallo, a tsakiya suwaita ta ulu ko ta roba, a waje rigar ruwan sama mai tare iska da feshi, sai hular sanyi. Manomin rani da ke tsayawa a ruwa iya ƙauri yana dashen shinkafa ko ban ruwa, dogon takalmin roba ya ishe shi, har ma yana rage masa haɗuwa da ƙwayar tsargiya. Sai dai dogon wandon robar nan mai haɗe da takalmi, mai kai wa ƙirji, kada a kuskura a shiga jirgi ko ruwa mai zurfi da shi. In mutum ya faɗa, ruwa ya cika shi, ƙafafu ba sa iya bugun ruwa.

Na san abin da dattawan Sarkawa za su ce, kuma maganarsu tana da nauyi: kakanninmu da ɗan bante suka yi su, ga kuma Argungu, inda tun 1934 dubban masunta ke afkawa kogin Matan Fada ba tare da wata rigar roba ba. Gaskiya ne. Amma gasar Argungu da rana ake yin ta, sanyi ya fara ja da baya, kuma ba ta wuce kamar sa'a guda, ga jama'a cike da gaɓa. Su kuma mutanen da, suna da tsarinsu na kariya: a hura wuta a bakin ruwa, a shiga a fito a ji ɗumi, a tuƙa jirgi da hannu, wanda shi kansa motsa jiki ne mai kawo zafi. Jiki tsirara ma ya fi saurin bushewa a kan jiki mai jiƙaƙƙiyar riga. Yau kifi ya ragu, ana daɗewa a ruwa, ana kwana, ana dawowa a jirgi mai inji a zaune ba motsi. Sabo da sanyi kuma yana rage jin zafinsa ne da firgitar shiga, ba ya hana ɗumi fita. Shi ya sa gwani ya fi shiga haɗari wani lokaci, domin ƙararrawar jikinsa ta daina bugawa da wuri. Haka nan masu shan tiramol don su jure ɗari, jin sanyin kawai suke kashewa, tare da hankalin da zai ce musu su fito.

Ƙorafi na biyu kuɗi ne, kuma ba zan raina shi ba. Sabuwar rigar niyofirin ta fi ƙarfin masunci mai neman na cefane. Sai dai tana faɗowa a dilar gwanjo, inda mai sayarwa sau da yawa bai ma san amfaninta ba, kuma ƙungiyar masunta ko ta masu yashi za ta iya sayen 'yan kaɗan domin masu nutso su riƙa karɓa-karɓa, a wanke da ruwa mai tsabta a shanya a inuwa. Wanda bai samu ba, akwai abin da bai fi ƙarfin kowa ba: busassun kaya da mayafi a cikin bokitin fenti mai murfi, a ajiye a jirgi ko a gaɓa, a canza nan take da an fito. Yara, tsofaffi, masu asma da masu sikila, waɗanda sanyi ke tayar musu da ciwo, a ɗage musu shiga ruwa har rana ta ɗaga.

Kada kuma a ɗauka rigar niyofirin ta maye gurbin rigar ceto. Tana ɗan taimakawa wajen yin sama, amma ba ta riƙe fuskar wanda ya suma a saman ruwa. Kifewar jirgin da ta auku kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021, inda mutane masu yawa suka rasu, ta isa tunatarwa ga jihar Kebbi baki ɗaya, kuma hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, wato NIWA, ta wajabta sa rigar ceto a jiragen ruwa. A hunturu buƙatarta ta ninka, domin sanyi yana kashe ƙarfin hannu da ƙafa tun kafin ya taɓa cikin jiki, har gwanin iyo ya kasa riƙe bakin jirgi.

Idan aka fito da mutum yana kakkarwa, a kai shi inda iska ba ta bugu, a cire jiƙaƙƙun kaya, a goge shi, a lulluɓe ƙirji da kai da bargo. In yana cikin hayyacinsa a ba shi shayi ko kunu mai ɗumi da sukari. Kada a murza masa hannu da ƙafa, kada a kwara masa ruwan zafi, kada a manna shi da wuta, domin fatar da ta mutu da sanyi tana ƙonewa mai ita bai ji ba. Kada kuma a rufe shi a ɗaki da kaskon gawayi, hayaƙinsa marar wari yana kisa. Idan kakkarwar ta tsaya alhali jikin yana nan da sanyi, ko ya fara sambatu, ko barci yana fizgarsa, wannan ba sauƙi ba ne, lamari ya yi tsanani. A ɗauke shi a kwance, a hankali, zuwa asibiti mafi kusa.

Ina kira ga sarakunan ruwa, shugabannin masu yashi da masu jirage daga Jega har Maiyama, da iyayen yaran da ke ban ruwa a Sabiyal da kewaye: tun kafin Disamba ta kama, ku sa ya zama ƙa'ida cewa ba jirgin da zai bar gaɓa da asuba sai da rigar ceto da bokitin busassun kaya a cikinsa.